Rahoton Kwamitin Gyaran Mayankar Kasuwa Bayan Kammala Aiki

Zuwa ga Sarkin Fawa, da Sarkin Kasuwa, da duk waɗanda suka sa hannu a aljihu domin wannan aiki. Assalamu alaikum.

An kammala gyaran mayanka, an kuma koma yanka a cikinta. Manufar aikin guda ɗaya ce tun farko: kada abin da ke cikin tumbi da hanji ya haɗu da naman da za a kai wa jama'a. A cikin hanjin dabba, ko mai ƙoshin lafiya, ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli suke zaune. Da zarar wuƙa ta huda hanji a kan daɓen da ake fiɗa, sun hau nama, kuma ido ba ya ganinsu. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci duk shekara, 420,000 su mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a.

Tsohon daɓen ya tsattsage, jini yana kwanciya a cikin tsagar, tsakiyarsa kuma ta lotsa har ruwa ke taruwa. Faci ba zai yi magani ba, don haka aka fasa shi gaba ɗaya. Sabon daɓen mita 12 ne a tsawo, mita 8 a faɗi, kaurinsa santimita 10, da ragar rodi a ciki. Kwaɓin shi ne kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ya ci siminti wajen buhu 60. An yi masa gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa lambatu ta faɗinsa, wato gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu da santimita 16. Wannan gangaren shi ne ran aikin. Idan ya gaza haka ruwa ya kwanta, idan ya wuce sosai bijimi ya zame ya karye kafin a kayar da shi. Saboda wannan dalilin ne ma aka hana birkila goge fuskar daɓen ta yi sumul. An bi ta da tsintsiya tun tana ɗanya domin ƙafa ta kama. An yi kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma, a rufe da buhuna. Wasu sun ƙosa da jiran, amma kankaren da rana ta busar da shi da wuri, tsagewa yake yi kafin shekara.

An raba wurin gida biyu da katanga mai tsayin mita 1 da rabi. Gefen yamma na yanka ne da zubar da jini. Gefen gabas na fiɗa ne da rarraba nama, kuma a can aka kafa ƙarfen rataya mai tsayin mita 3 da rabi, da ƙugiyoyi marasa tsatsa, don kada nama ya sake taɓa ƙasa. Masu wankin kayan ciki an fitar da su waje ɗungurum, an gina musu kwami biyu da famfonsu. Kusurwar da bango ya haɗu da daɓe an cike ta an lanƙwasa, domin nan ne datti ke maƙalewa, tsintsiya ba ta kaiwa.

Lambatun buɗaɗɗe ne da murfin ƙarfe mai ɗagawa. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa a da, kitse ne ya daskare ya toshe shi, babu mai iya shiga ya share. Yanzu ruwan yana bi ta ragar da ke tare gashi da guntun nama, ya faɗa ƙaramin rami mai kama kitse, ya wuce rami mai ɗaki biyu inda datti ke kwanciya, sannan sokawe. Jini ba ya shiga wannan layi. A bokiti ake tare shi, domin yana toshe sokawe cikin ɗan lokaci. Tazarar sokawen da rijiyar burtsatse ta haura mita 30, kuma yana ƙasa da ita ta wajen gangaren fili.

Ruwa kuwa, an ɗora tanki biyu masu lita 5,000 kowanne, da injin sola. Duba-gari zai riƙa auna sinadarin kulorin a bakin famfo, ana neman kusan miligiram 0.5 a kowace lita. An gina murhu da tukunyar tsoma wuƙaƙe. Ruwan sai ya kai digiri 82. Ruwa mai ɗumi-ɗumi haɗa wuƙaƙe kawai yake yi a cikin datti guda.

Ɗakin likitan dabbobi ƙarami ne: tebur mai tayil, fitila mai haske, akwatin sanyi na ɗaukar samfur zuwa ɗakin gwaji, da littafin rajista. A littafin ake rubuta daga ina dabba ta fito, da abin da aka gani a huhu da hanta da kaluluwa, ko alamar tarin fuka, ko tsutsar hanta, da abin da aka ƙwace. Idan aka wayi gari unguwa guda na fama da amai da gudawa, wannan littafin ne zai nuna wa jami'an lafiya inda za su fara bin sawu. Bayan ɗakin akwai turken killace dabbar da ake zargi. A watan Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja, kuma ƙa'idarta ba ta canja ba: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura bai daskare ba, ba a fiɗe ta. Buɗe ta na sa ƙwayar ta zube a ƙasa, inda take iya shekaru da dama da ranta.

Kuɗin da aka tara bai kai ga ɗakin sanyi ba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60, zafin bazara kuwa a nan yakan haura 40. Kafin a samu hali, an tsayar da yanka daga bayan sallar asuba, nama ya bar mayanka da hantsi, a rufe. Kwashe ramin kitse kullum ne bayan an tashi, kuma Sarkin Fawa ya raba kwanakin ga rukunin mahauta. Takardun kashe kuɗi suna wurin ma'aji ga mai son dubawa.