Babana, ka bar muryar mahaifinku ta huta

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan ka isa lafiya, ya Legas ya aiki ya cunkoson da kake ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah, Hajiya ƙafar ce dai yau ta tashi gobe ta kwanta amma ta fara takawa zuwa tsakar gida. Jiya da ka kira ni ka ji ina ta tambayarka abinci da kuɗin haya kamar ba ni da wata damuwa, to ina da ita, kasa faɗa na yi. Na ga gara in zauna in rubuta don in na fara da baki kuka ne zai tare ni kai kuma ka hau ba ni haƙuri maganar ta watse ba a yi ta ba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Auta ta faɗa min abin da kuka yi daren da za ka tafi. Kada ka yi mata faɗa, ba tsegumi ta kawo ba, kwana uku ina kallon yarinyar nan ba ta cin abinci da dare kuma tana firgita, sai da na rufe ɗaki na matsa mata sannan ta buɗe baki. Ta ce ka kwashi saƙonnin muryar da Babanku ya bari a tsohuwar wayarsa ka zuba a laftop ɗinka, ka rubuta wata magana da hannunka, sai ga muryarsa tana fitowa tana kiran sunanta tana cewa ta dage da karatu Allah ya yi mata albarka. Ta ce har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara magana. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum yana kwance a kabarinsa shekara biyu da watanni, ka tashe shi da tsakar dare ya yi wa marainiya maganar da bai taɓa yi ba. Babana me ya kai ka?

Kada ka ce Umma tsohuwa ce ba ta son cigaba, ka san ba haka ba ne, kuma duk gidan nan babu wanda ya kai ni tsaya maka a kan harkar kwamfutar nan. Lokacin da Babanku ya dage sai ka karanta likitanci wa ya shiga tsakani? Laftop ɗinka na farko da kuɗin adashina aka saye shi, kwasar da na yi niyyar gyaran rufin ɗaki da ita, damina biyu muna tara roba a ƙarƙashin yoyo ban taɓa yi maka gori ba kuma yau ma ba gori nake ba. Ni na ga zuwan wayar salula da idona a 2001, layi kaɗai sai mutum ya ajiye naira 20,000 ko fiye, mu sai 2003 da Glo ta zo da lissafin sakan muka iya riƙe waya, guda ɗaya a gidan kowa da ita yake amfani. Kafin nan in haihuwa ta zo da gardama a ƙauye sai dai a nemi mai mashin ya zo ya buga min ƙofa. Shekara 31 ina karɓar haihuwa, na san matan da suka tafi a hannuna don jini bai iso ba, jini kawai, leda ɗaya ko biyu. Shi ya sa da na ji a 2022 jiragen nan marasa matuƙi na Zipline sun fara kai magani asibitocin karkara a nan jihar Kaduna sai da na yi hawaye, na ce ina ma a zamaninmu ne. Solar da ka sa mana ina sa maka albarka kullum, Hajiya tana barci da fanka, maganinta yana cikin firij ba ya lalacewa. Lokacin wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 da takardar naira ta ɓace mutane suna kwana a layin ATM, transfa da masu POS ne suka rufa mana asiri, har mai kayan miya ta ƙofar gida ta buɗe asusu, ni na koya mata duba alat. To ka ga ba tsoron na'ura nake ba.

Murya ce damuwata, ita kaɗai.

Kai ba ka san zamanin kaset ba sosai. Shekarun da Babanku ya yi a Jidda ba wasiƙa yake aiko min ba, kaset yake ɗauka ya ba alhazai su kawo, in kunna a rediyo in saurara in juya ɗaya gefen, in ɗauki nawa in mayar. Ka san dalili? Wasiƙa kowa zai iya rubutawa ya sa sunan wani, mutane da yawa ma a bakin gidan waya ake rubuta musu, mai rubutun ya ƙara nasa ya rage nasa. Amma murya ba ta da na biyu. In na ji shi na san shi ne, na san ko yana da lafiya ko yana ɓoye min ciwo, daga yadda ya ja numfashi kawai. Da wannan muka rayu, da shi 'yan kasuwa suke ba da kayan miliyoyi bashi ta waya ba takarda ba shaida, wane ne ya kira na ji muryarsa shi ke nan. Yanzu kai da bakinka ka faɗa min da sallah cewa AI ɗin nan, wato fasahar kwamfuta mai kwaikwayon basirar ɗan Adam, 'yan sakan na maganar mutum sun ishe ta ta kwaikwaye shi, kana faɗa kana murna, ni kuwa tun ranar gabana yake faɗuwa ban dai ce komai ba. Ban san a gidana za a fara gwadawa ba.

Ka zauna ka yi tunani da hankalin da Allah ya ba ka. Ka san maganar gonar bakin rafi ba ta mutu ba, ka san abin da Baffanka ya faɗa ranar sadakar bakwai a gaban mutane, ka san wanda yake zuga shi. Yau in aka ji cewa a gidanmu akwai na'urar da take sa marigayi magana, me kake zato za su ce game da saƙon da ya bar wa Yayarka yana asibiti, wanda shi ne kaɗai hujjar da muke riƙe da ita bayan shaidu biyun nan, ɗaya kuma ya tsufa har ya fara mantuwa? Cewa za su yi ɗansu ne ya haɗa a kwamfuta. Gaskiyarmu ka mayar abin zargi da hannunka. Ko kuma gobe wani ya je ya biya wani yaro irinka ya haɗa masa tasa wasiyyar da muryar Babanku, ya kunna a gaban mai unguwa ko a gaban alƙali, dattawan da ba su san ana yin haka ba su ji muryar amininsu su fashe da kuka su ce ai magana ta ƙare. Wa zai tashi ya ce ƙarya ne? Shi dai ba zai tashi ba.

Kuma ko babu gona ko babu gado, wa ya ba ka izini? Mutumin nan duk rayuwarsa yana tsoron a ce ya ce abin da bai ce ba, in zai ba da labari sai ya faɗi wanda ya gaya masa da inda aka gaya masa, har kuna ƙosawa. Sau nawa ya karanta muku ayar nan ta Suratul Hujurat cewa in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika? Wannan mutumin ka sa wa magana a baki. Na san za ka ce ai albarka ka sa ya sa mata, magana mai kyau ce. Ƙarya mai kyau ma ƙarya ce Babana, kuma albarkar uba ba a buga ta da yatsa. Yarinyar nan tana da ainihin abin da ya faɗa mata a daren ƙarshe, kalma huɗu ko biyar, tana riƙe da su kamar zinari, yanzu ta ce min Umma na fara rikicewa wanne ne ya faɗa wanne ne na kwamfuta. Ka ji abin da ka yi? Ka shiga cikin 'yar abin da ya rage mata ka gauraya. Wallahi da a gabana ka yi da sai na ɗaga maka hannu duk girmanka, abin da rabona da yi tun kana aji uku.

Ban yi barci ba daren da ta faɗa min. Na kwanta ina lissafin saƙonnin murya nawa na tura a WhatsApp, gurup ɗin 'yan uwa, na tsofaffin ma'aikata, na islamiyya, kullum ina ta magana ina gaisuwa ina addu'a, ashe duk tara wa wani kayan aiki nake. Kai ma haka, bidiyonka nawa a Facebook kana bayani. Ranar da waya za ta yi ƙara ƙarfe biyun dare in ji muryarka kana kuka kana cewa Umma an kama ni a tura kuɗi, kana ganin zan tsaya bincike? A ƙasar nan da ake sace mutane a hanya ana kiran iyaye? Gidan nan zan sayar kafin gari ya waye. A Hong Kong a 2024 ma'aikacin wani babban kamfani ya tura dala miliyan 25 saboda an kira shi taro ta bidiyo ya ga fuskar shugabansa da abokan aikinsa ya ji muryoyinsu, ashe duk haɗi ne babu mutum ko ɗaya na gaske. Mai ilimi ke nan a cikin ofis da rana tsaka. Ina ga Hajiya, da har yau in ta ji murya a rediyo take amsa sallama?

Na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Na san kai ne ba ka samu ganawa da shi ba, kana hanya aka yi jana'iza, kuma tun ranar ba ka taɓa zama ka yi kukan a gabana ba, ka shanye ka koma aiki. Ina zaton ba don Auta ka haɗa abin nan ba, don kanka ka haɗa, kuma ina zaton ba ranar ka fara kunnawa ba. Sau nawa ka zauna kai kaɗai a ɗakin nan na Legas kana rubuta abin da kake so ya ce maka? Ya yafe maka Babana. Ni ina wurin, kunnena ya ji, ba sau ɗaya ba, ya ce a gaya wa yaron nan maganar likitanci ta wuce Allah ya sa albarka a abin da ya zaɓa. Na faɗa maka a lokacin amma ina ga ba ka ji ba saboda halin da kake ciki. To ga shi na sake faɗa, kuma wannan shi ya faɗa da bakinsa.

Aikinka ban ce ka bari ba. Yadda ka yi min bayani cewa kuna koya wa na'ura jin Hausa don wanda bai iya karatu ba ya tambayi waya da baki ta amsa masa, manomi ya ji yaushe ruwa zai sauka, mai ciki ta ji alamomin da ba a zama da su a gida, wannan abu ne da na yi shekaru ina fata, don na sha rubuta wa mata ka'idar shan magani a takarda ina sane ba mai karanta musu. Amma ina so ka gaya min tsakaninka da Allah, mutanen da kuke ɗaukar muryoyinsu sun san me za a yi da su? An yi musu bayani da Hausar da za su gane ko dai an miƙa musu takardar Turanci sun dangwala? Tatsuniyoyin da ka sa Hajiya ta yi maka da sallah kana ɗauka a waya, jikanta ta yi wa ko kamfani? In kamfani ne ka dawo ka faɗa mata ta amince ko ta ƙi, hakkinta ne.

Ga abin da nake so. Ka goge abin nan da ka haɗa, duk inda ka ajiye shi, ainihin saƙonninsa ka bar su yadda suke kada ka taɓa ko harafi. Ka kira ƙanwarka ka ba ta haƙuri ka gaya mata dalla-dalla wanne ne naka wanne ne nasa. Kada maganar nan ta fita, ko Yayarka ban gaya wa ba tukuna. Sannan ni ma ina roƙonka tun ina da rai, ranar da tawa ta zo kada ka yi min haka, kada wani jika ya ji ina faɗin abin da ban faɗa ba, in kun yi kewata ku yi min addu'a ku kai ziyara.

Daga yau kuma in ka kira ni kan maganar kuɗi ko wata matsala zan tambaye ka sunan da kake kiran kunun tsamiya da shi kana ƙarami, kada ka rubuta shi a ko'ina kada ka faɗa a waya sai na tambaya. Hajiya ma na ce mata ko muryar wa ta ji kada ta yi komai sai ta kira ni.

Wayar Babanku na ɗauke ta daga durowa na sa a akwatina na kulle, in ka zo Maulidi za mu zauna ni da kai mu saurari na gasken tare, akwai kaset biyu na Jidda ma da ban taɓa kunna muku ba, ka nemo mana rediyon da zai ci su. Na ba direban da ya saba yaji da kuli-kuli da man shanu, ka kira shi ranar Asabar kafin azahar don ba ya daɗewa a tasha. Ka riƙa cin abinci, ka rame da yawa wannan zuwan.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Ummanka