Shawara ga matasan da ke shirin sayen jirgin ɗaukar bidiyo na farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da abokan sana'ata masu ɗaukar hoto da bidiyo, musamman ƙannenmu da suka shigo harkar kwanan nan. Ni bidiyon biki da na suna da na walimar saukar karatu nake ɗauka a nan Kano. A 'yan shekarun nan da wuya a ba ka aiki ba a tambaye ka ko kana da jirgi marar matuƙi mai kyamara ba. Dangin amarya suna son ganin jerin motoci daga sama, dillalin filaye yana son a nuna iyakar fili, mai makaranta yana son talla. Shi ya sa matasa ke yawan tambayata wane jirgi marar matuƙi za su fara saya, kuma da yawansu kuɗin da za su zuba tarin shekara ne ko rance daga gida.

Abin da nake gaya musu shi ne su sayi ƙarami, wanda kamfani ya gama haɗa shi, mai GPS da gimbal, su ajiye wani kaso na kuɗin don batura.

Gimbal ɗin shi ne zuciyar maganar. Shi ne maƙalin da ke riƙe kyamara da ƙananan injina uku, yana daidaita ta duk yadda jirgin ya karkata. Jirgi mai farfela huɗu ba ya tafiya gaba sai ya sunkuya, ba ya jure iska sai ya jirkice, don haka kyamarar da aka ɗaure a jikinsa kai tsaye duk wannan rawar za ta kwasa. Ana tallata wasu jirage masu araha a intanet, an rubuta 4K, wato alamar bidiyo mai fitowa tangaran, ɓaro-ɓaro a kwalinsu, ga farashi mai jan hankali. Yawancinsu ba su da gimbal, wasu ma ba su da GPS, sai ka saki sandar rimot iska ta tafi da su. Kayan wasan yara ne, kuma ba laifi ba ne a saya wa yaro, amma hotonsu ba ya shiga bidiyon da za a karɓi kuɗin mutane a kansa. Araha ba ta ado.

Akwai kuma masu sha'awar haɗa nasu da hannu: a sayi firam daban, injina daban, kwamfutar tuƙi daban, a zauna da dalma ana liƙa wayoyi. Haka aka riƙa yi kafin kamfanin DJI na birnin Shenzhen ya fito da Phantom a 2013, wanda shi ma a lokacin sai an ɗaura masa ƙaramar kyamarar GoPro. Ina girmama masu wannan fasaha, kuma ɗalibin injiniya zai ƙaru da ita ƙwarai. Amma wanda ke da biki ranar Asabar ba ya buƙatar jirgin da in abu ɗaya ya ƙone sai ya jira makonni kafin wani ya iso daga Sin. Jiragen tsere da ake tuƙawa da tabarau a fuska su ma a bar su sai hannu ya faɗa; batirinsu 'yan mintuna ne, kuma yawancinsu ba sa tsayawa cak da kansu.

Zaɓina ga mai farawa shi ne jerin Mini na DJI, masu nauyin da bai kai giram 250 ba. Mini 2 na 2020 yana ɗaukar 4K, kuma har yau yana fitar da mutum kunya da rana. Mini 3 na 2022 ya fi shi ganin haske da yamma saboda sensar kyamararsa ta fi girma, sannan kyamarar tana juyawa a tsaye, abin da ya dace da masu son a sa bikinsu a TikTok da Instagram. Mini 4 Pro na 2023 yana hango cikas ta kowane ɓangare. Wanda aljihunsa ya kai, ya saye shi, sai dai kada ya miƙa wa idanun jirgin amanarsa duka, don siraran wayoyin lantarki da suka cika unguwanninmu sau da yawa ba sa ganinsu. Manyan irin su Air da Mavic sun fi kyan hoto, sun fi jure iska, babu musu. Amma jirgin farko shi ne wanda ake koyo da shi, shi ne mai karo da bishiyar darbejiya, kuma faɗuwar giram 249 a kan mutum ko gilashin mota ba ɗaya take da faɗuwar giram 700 ba.

Maganar batir ce na fi so a saurara. Kamfani zai rubuta minti 31 ko 34, amma wannan awo ne da aka yi babu iska. A wurin aiki ka sa ran minti 20 zuwa 25, domin dole ka sauko tun da sauran caji. Batir ɗaya ba ya biki. Amarya za ta makara, motoci za su tsaya jiran wata gwaggo, kai kuwa kana sama kana ƙona caji. Ka sayi kunshin da ke zuwa da batura uku da abin cajinsu, ko da hakan zai sa ka sauko daga sabon samfuri zuwa wanda ya gabace shi. Mini 2 da batura uku ya fi Mini 4 Pro da batir ɗaya amfani ga mai neman abinci.

Sannan zafinmu. Waɗannan jiragen an ƙayyade musu aiki ne zuwa digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna kaiwa nan har mu wuce. Kada a bar batir a cikin mota a rufe. Kada a sa shi a caji yana saukowa da zafinsa, a bari ya huce a inuwa. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, domin batirin litiyam yana kama wuta. In za a yi kwanaki ba aiki, a ajiye shi da kusan rabin caji. Wani alherin ƙananan jiragen shi ne ana cajin su ta USB, don haka babban fawa-banki yana rufa asiri ranar da babu wuta. Wayar da ake maƙalawa a rimot ita ma tana zafi a rana har fuskarta ta dusashe, shi ya sa rimot mai allonsa ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Farfela tana tayar da ita, ta shiga injina da gimbal. A shimfiɗa tabarma ko kwali a tashi a kai. Iskar da ta wuce mita 10 a daƙiƙa tana fin ƙarfin Mini, kuma iskar sama ta fi ta ƙasa, saboda haka in za ka yi nisa ka fara fuskantar iskar, ta turo ka a hanyar dawowa. Ka saita tsayin da jirgin zai hau in ya tashi komowa da kansa ya zarce hasumiya da turken sabis mafi tsawo a wurin. In shirwa ta fara zagaya shi, ka sauko. Sai ƙananan kaya: farfela ta canji, gilasan rage haske da ake kira ND saboda ranarmu tana da ƙarfi, da memori mai saurin adana bidiyo, mai alamar V30, don minti ɗaya na 4K a Mini 2 yana cin kusan megabait 750.

Mai sayen na hannu ya buɗe manhajar jirgin ya ga sau nawa aka caja kowane batir, ya duba hannuwan jirgin ko akwai tsagewa, a tashe shi a gabansa, kuma mai sayarwa ya cire shi daga asusunsa na manhajar kafin a biya.

Malam Edita, akwai abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina. Gidajenmu tsakar gida gare su a buɗe. Iyayenmu mata da matanmu da 'yan'uwanmu suna aikinsu a ciki babu mayafi, saboda katanga ta suturta su, kuma a gidaje da yawa makewayi ba shi da rufi. Jirgin da ya tashi a ƙofar gidan biki a cikin birni, gida goma yake leƙawa a lokaci guda. Wanda ya ba ka aiki ikon gidansa kaɗai yake da shi. Ni ba na tashi a lungu mai cunkoso. Ina jira a fito babban titi ko filin taro, in kuma ya zama dole, a sanar da maƙwabta da mai unguwa tukuna, kyamara kuma ta kalli gaba. Duk hoton da ya kama tsakar gidan wani ana goge shi ne a wurin. Haka nan ba a shawagi a kan cunkoson jama'a, ba a kusantar dawakai ranar hawa, domin ƙarar farfela tana firgita doki.

Hukuma ma tana da magana. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin irin waɗannan jirage sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma shigo da su daga waje yana buƙatar takardar shaida daga wannan ofishin. A farkon 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta hana tashinsu a Borno da Yobe da Adamawa saboda tsaro. Mu a Kano filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga barikokin soja, don haka unguwanni da dama ba wurin tashi ba ne ko kusa. Matashi ya nemi bayanin izini kafin ya biya kuɗin jirgi.

A nan ne nake da roƙo. Mafi yawan masu wannan sana'a a Arewa ba su taɓa ganin waɗannan ƙa'idoji da Hausa ba. Ina kira ga NCAA da ta fitar da su a harshen da muke ji, ta bayyana matakin da mai ƙaramin jirgi zai bi da abin da zai biya. Ina kuma roƙon wannan jarida ta tura wakilinta ya tambayo mana, a buga amsar.

Na gode.

Naka,
Mai sana'ar ɗaukar bidiyo,
Kano.