Zuwa ga 'Yata, Kafin Tafiya Bradford

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa, labarin gurbin digirin digirgir da kika samu a Jami'ar Bradford ya iso mu. Innarki ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sashen nazarin zaman lafiya na can tun 1973 yake, saboda haka hannun manya za ki shiga. Allah ya sa albarka.

Ni bokona bai yi nisa ba, amma na sauka Monrovia, babban birnin Laberiya, da rundunar ECOMOG, sojojin kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, a watan Agustan 1990. Na ga yaran da ba su kai ƙaninki ba rataye da bindiga a shingen hanya. An rubuta littattafai a kan yaƙin Laberiya, ni kuwa har na yi ritaya babu mai bincike ko ɗaya da ya zauna ya tambaye ni abin da idona ya gani. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Za su karanta miki Johan Galtung, masanin nazarin zaman lafiya, mai cewa shirun bindiga daban, zaman lafiya daban. Gaskiyarsa. Sai dai Arɗon da ya wayi gari ya tarar an nome burtali ya san haka tun kafin a fassara masa, manomin da shanu suka cinye wa wake ma haka. Idan lokacin tattara bayanai ya yi, ki dawo gida. Ga Malam Sidi nan kusa da mu, inda ake gyaran halin tubabbun Boko Haram. Ki ji ta bakinsu, sannan ki nemi matar da aka kashe wa miji, ki tambaye ta yadda take kwana idan tubabben ya dawo unguwarsu. Ki zauna a tabarmarta, da Hausa ko Fulatanci, kar ki aika yaro da takardar cikewa.

Abin da aka gaya miki kuma amana ne. Suna ɗaya da ya zame cikin rubutunki yana iya jawo wa wani kabari, ke kina Ingila kina shan shayi. Masu ba da kuɗin bincike su ma da tambayoyinsu suke zuwa. Ki saurare su, amma kar ki jefar da taki.

Koyarwa a jami'a ba ta da maiƙo, kin dai ga yajin aikin wata takwas na 2022. Ban ce ki fasa ba.

Innarki ta ce ki biyo ta gida kafin ki wuce Abuja, ta ajiye miki kuka da daddawa da yaji.

Wassalam,
Babanki.