Barka da Sallah daga Tuluz

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Inna, barkanku da Sallah, an yi layya lafiya? Allah ya karɓa, ya maimaita mana. Ni ina nan ƙalau, sai kewarku. Mun yi idi da safe, da rana 'yan Damagaram da 'yan Maradi muka haɗu muka ci nama. A nan Faransa ba a yanka a gida, sai a mahauta, don haka ƙamshin suyar Inna ya fi komai tsaya mini a rai.

Baba, akwai labarin da na ajiye maka. Muna yara a zaure, in ka zo kan Annabi Ibrahim (AS), kakan ce wutar ta yi zafin da ba mai iya matsawa kusa, sai aka ɗora shi a manjaniƙi aka cilla shi, kana fassarawa da majaujawa. Ni majaujawar korar tsuntsu a gonar gero kawai na sani, ina ta mamakin yadda za ta ɗauki mutum. To, makon jiya na je wata tsohuwar fadar dutse, Kastelno, a gaɓar kogin Dordon, wadda aka mayar gidan tarihin yaƙi tun 1985, na ga irinta da idona.

Fassararka daidai take, Baba. Dogon gungumen itace ne a kan ƙafafu, kamar jigon ban ruwa a fadama. Gefe ɗaya an rataya akwati cike da ƙasa da duwatsu, ɗaya gefen kuma majaujawa ce sak, igiya da aljihu. Sai a jawo dogon hannun ƙasa a ɗaure. Ana saki akwatin ya faɗo, hannun ya tashi, dutse mai nauyin buhun gero ya yi tafiyar mita 200 ya daki ganuwa. Majaujawar iri-iri ce a wurin, babbar ita ce tirebushe. Wata ana ce mata mangono, kuma wannan suna da manjaniƙi tushensu ɗaya, daga Girkanci. Ƙaramar, wadda ake fizga da igiyoyi da ƙarfin hannu, sunanta daga kalmar dutse aka ciro shi.

Itacen da ake fasa ƙofar gari da shi kuwa, Faransawa suna ce masa beliye, wato rago. Larabawa ma kabshi suke cewa. Duk wanda ya ga ragon layya ya ja da baya ya kai karo ya san inda suka samo sunan. Akwai kuma rumfa mai ƙafafu da ake lulluɓewa da ɗanyen ƙirgi, mayaƙa su laɓe ciki su lallaɓa gindin ganuwa: ita ce kyanwa. Nan take na tuna dabbaba da ka karantar da mu a yaƙin Ɗa'ifa, shekara ta 8 bayan Hijira, wadda Saƙifawa, mutanen garin, suka ƙona da jan ƙarfen wuta. Yau Balarabe in ya ce dabbaba, tankar yaƙi yake nufi.

Inna, ga naki. A garin nan da nake, wani bajimin yaƙi, Simon de Montfort, ya yi wa mutane ƙawanya wata tara, har ya gina tasa kyanwar. Ran 25 ga Yuni 1218 dutse daga cikin gari ya same shi a ka, ya mutu nan take, kuma ana cewa mata da 'yan mata ne suka ja igiyar. Kullum na bi ta wurin sai na tuna ƙarfin hannunki a bakin turmi.

Baba, don Allah ka tambayi Kawu ko tsofaffi suna da wani suna na Hausa ga irin waɗannan kaya, ko dai ganuwar Damagaram da tsani da wuta kawai aka san ta. Ina so in rubuta.

Goron Sallah yana hannun Yaya. A gaida Gwaggo da Auta da duk maƙwabta. A ajiye mini ƙilishi, mai zuwa zai taho da shi.

Ɗanku mai neman albarka.