Ɗaliban ƙasar Sin a Ingila da kuɗin cefane

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani zato da nake yawan ji a bakin 'yan uwanmu ɗalibai a nan Manchester, wai duk ɗan ƙasar Sin da ya zo karatu Ingila ɗan mai kuɗi ne. Akwai masu hannu da shuni a cikinsu, babu musu. Amma waɗanda muke zaune gidan haya ɗaya da su 'ya'yan malaman makaranta ne da ƙananan 'yan kasuwa. An haife su lokacin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta kai har 2015, don haka duk abin da uwa da uba suka tara a kansu aka zuba. Ga shi bizar ɗalibi ba ta yarda a yi aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu. Na ga yarinyar da ke lissafa farashin kabeji da kuɗin ƙasarsu a waya kafin ta saka shi a kwando, abin ya taɓa min zuciya.

Wuri biyu kuɗinsu ya fi zurarewa a watannin farko. Ɗaya shi ne odar dafaffen abinci ta waya, wanda kuɗin kwano ɗaya da ladan mai kawowa zai yi cefanen kwana biyu. Ɗayan kuma sayen komai a shagunan Chinatown, wato unguwar Sinawa, har ƙwai da albasa, saboda can ne suke gane rubutun jikin kaya, hankalinsu ya kwanta.

Abin da nake faɗa wa duk sabon zuwa shi ne ya raba cefanensa. Ƙwai, madara, man girki, karas da kabeji, a je manyan shagunan Aldi ko Lidl. Albasa, tafarnuwa, citta da barkono, shagunan 'yan Pakistan da ke Rusholme da Longsight sun fi sauƙi, ga shi ana samun buhu. Shagon Sinawa a bar masa abin da sai can ake samun mai kyau: ruwan miyar waken suya, awara, taliyarsu da kayan ƙamshinsu. Shinkafa kuwa akwai magana. Su ba sa son basmati mai warwarewa, sun fi son mai ɗan danƙo. To mutum huɗu su haɗa kuɗi su je babban shagon Sinawa na Wing Yip da ke titin Oldham su ɗauko buhu mai kilo 10 ko 20, su raba. A gidanmu haka muke yi da mai da albasa, mu da su. Nama ne kawai kowa ke sayen nasa, tukwane ma an ware, kuma ban taɓa ganin sun ɗauki hakan da zafi ba.

Su kuma koyi duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin farashi a jikin kanta, wanda ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko giram 100. Shi ke nuna ko babban ƙunshi ya fi araha da gaske. Da yamma manyan shaguna kan manna takarda mai ruwan ɗorawa, alamar an rage farashi, a kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa. A saya a jefa a firiza. Katin Clubcard na shagon Tesco da Nectar na shagon Sainsbury's kyauta ne, kuma akwai farashin da sai mai katin ake yi wa.

Inda su suka fi mu dabara shi ne kayan hannu. A ƙarshen bazara, masu gama digiri na biyu kan tallata tukunyar dafa shinkafa, bargo, fitila da teburi a zaurukan WeChat da Xiaohongshu, manhajojin sada zumunta na Sinawa, kusan a kyauta, domin jirgi na jiransu. Sabon zuwa ya nemi shiga waɗannan zaurukan tun kafin ya taso. Rigar sanyi kuma, shagunan agaji irin su Oxfam da British Heart Foundation na da masu kauri.

Katin jirgin ƙasa na 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, har wanda ya haura shekara 25 yana samu muddin cikakken ɗalibi ne. Harajin gida na ƙaramar hukuma ma ba ya kan cikakken ɗalibi, sai dai ya karɓi takardar shaida daga jami'a ya miƙa.

Ina kuma jan hankalin iyaye masu haɗa wa 'ya'yansu tsaraba. Ba a yarda a shigo Birtaniya da nama ko kayan madara daga ƙasar Sin ba, kuma dokar ta shafi Najeriya. Busasshen naman da uwa ta kashe kuɗi ta naɗe a birnin Chengdu na ƙasar Sin, da kilishin da aka sayo a Kano, duk a filin jirgi za a ƙwace su idan an gani. Gara a ba yaro kuɗin a hannu ya yi cefanen makonsa na farko.

Wassalam.

Wani ɗalibi daga Manchester, Ingila