Gwajin jini ɗaya bai isa a ce ƙodar kare lafiya take ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu kiwon karnuka, musamman waɗanda karensu ya fara manyanta. Aikina auna jini da fitsarin dabbobi a ɗakin gwaji, kuma babu abin da ke damuna kamar ciwon ƙoda mai daɗewa, domin yana cin kare a ɓoye.

Mai kare yakan zo ya ce, "Ruwa yake sha ba ƙaƙƙautawa, fitsari ba iyaka, ga rama." A auna kiriyatinin, a ga bai haura ba, a sallame shi. To, kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace shi, kuma yawanci ba ya wuce iyaka a jini sai kusan kashi 75 cikin 100 na aikin ƙoda ya tafi. Ga shi yawansa na bin yawan tsoka. Tsohon karen da ya rame ba ya samar da shi da yawa, sai takarda ta nuna lafiya alhali ƙodar ta daɗe da jigata. Karen tsere mai ƙwanji kuwa, nasa kan fito sama ba tare da ciwon komai ba. Yuriya, wani dattin da ake aunawa a jini, ta ma fi yaudara: nama mai yawa, rashin ruwa a jiki, ko zubar jini a hanji duk suna ɗaga ta.

Shi ya sa nake so a san gwajin SDMA, wanda kamfanin IDEXX ya fito da shi a 2015. SDMA wani sinadari ne a jini, shi ma ƙoda ce ke fitar da shi, amma yawan tsoka bai cika taɓa shi ba, kuma yakan tashi tun an rasa kamar kashi 40 na aikin ƙoda. Wannan tazarar ce lokacin da za a iya rage sinadarin fosfarus a abinci, a kula da hawan jini, a guji magungunan kashe zafi masu wahalar da ƙoda. Ƙungiyar IRIS ta likitocin dabbobi masana ƙoda, wadda ta raba ciwon zuwa mataki huɗu, tana amfani da duka biyun: a kare, kiriyatinin 1.4 zuwa 2.8 mg/dL, ko SDMA 18 zuwa 35 µg/dL, mataki na biyu ke nan.

Amma ina jin tsoron a mai da SDMA wani abin tsafi. Karen da ya kwana yana amai, jikinsa ya bushe, lambarsa za ta iya hawa, ta sauko bayan ƙarin ruwa. Ba a cewa ciwo ya zama mai daɗewa sai an maimaita gwajin bayan 'yan makonni, kare na cikin natsuwa, an ga lambar tana nan.

Kuma don Allah a zo da fitsari. Kaurinsa kan ragu tun kafin kiriyatinin ya motsa, ma'aunin furotin da kiriyatinin a cikinsa kuma idan ya zarce 0.5 akai-akai, ƙodar na yoyon furotin. Mai tsohon kare ya nemi a yi masa waɗannan gwaje-gwaje sau ɗaya a shekara, ya adana takardun, domin lambar da ke hawa a hankali daga bara zuwa bana abin dubawa ce ko da ba ta wuce iyaka ba.

Na gode.

Daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin dabbobi