Wace irin rigar sulke 'yan sandanmu na sintiri suke sawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan abin da ya tsaya mini a rai tun bayan ƙaramar salla.

Ƙanina kofur ne na 'yan sanda, yana aikin sintiri a kan babbar hanya. Da ya zo gida hutu, sai ya ciro wata baƙar riga daga jaka yana murna. Ya ce da albashinsa ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa, wanda ya rantse masa cewa ko AK-47 ba ta huda ta. Na karɓa na jujjuya. Tana lanƙwasuwa kamar darduma, aljihun gaba da na baya da aka yi domin faranti mai tauri na tare harsashi babu komai a ciki. Na nemi ƙyallen da ake ɗinkawa daga ciki, mai nuna matakin kariya da ranar ƙira, babu shi. Daren nan ban iya cin tuwo ba, don na san yaron nan zai tsaya gaban 'yan bindiga yana ganin a rufe yake, alhali ƙirjinsa a buɗe yake.

Kalmar sulke ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya kalli hawan salla ya ga 'yan sulke da 'yan lifidi. Kakanninmu sun san kowane makami da irin rigarsa: sulken ƙarfe don kaifin takobi, lifidi mai auduga don kibiya. Da Turawa suka zo da bindiga mai ruwa a 1903, babu ɗayansu da ya tsayar da harsashi. Haka abin yake har yau, sai dai mun daina tambaya.

Rigar kariya iri biyu ce: mai laushi da mai faranti. Mai laushi ana yin ta da zaruruwa masu ƙarfi irin su Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Ana jera ƙyallen a kan juna har ya yi kauri, ya kama harsashi kamar yadda koma ke kama kifi. A tsohon ma'aunin NIJ, hukumar bincike ta ma'aikatar shari'ar Amurka, wanda yawancin masu ƙera rigunan ke bi, matakin ƙarshe na mai laushi shi ne IIIA, kuma iyakarsa harsashin ƙananan bindigogi, har zuwa .44 Magnum. Harsashin AK-47 kuwa yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa ɗaya, kusan ninki biyu na fistol, ga tsini. Ratsa mai laushi yake yi ya wuce. Ɗan sandan Amurka yana yawo da mai laushi saboda fistol ya fi yi masa barazana. Na Ingila ya fi sa rigar tare wuƙa, don wuƙa ce matsalarsa. Namu da ke tsaye a hanyar Gusau ko ta Birnin Gwari, kowa ya san abin da ke fitowa daga daji. Tare harsashin AK sai faranti mai tauri, mataki na III ko na IV.

A nan ma akwai abin lura. Tsohon gwajin mataki na III da harsashin 7.62x51 na NATO ake yin sa, ba da na AK ba. A 2023 NIJ ta fitar da sabon ma'auni mai sunaye HG1 da HG2 don ƙananan bindigogi, RF1 zuwa RF3 don manya, kuma gwajin RF1 ya haɗa da harsashin 7.62x39 mai ƙarfe a ciki, wato na AK. Duk wanda zai sa hannu a kwangilar sulke a ƙasar nan ya kamata ya san wannan bambanci kamar yadda ya san sunansa.

Faranti kuma kowanne da halinsa. Na ƙarfe ya fi araha, amma ga nauyi, kuma idan harsashi ya tarwatse a kansa ɓarɓashin na iya samun wuya da haɓa in ba a lulluɓe shi da kyau ba. Na tangaran yana farfasa harsashi, sai dai ba ya son faɗuwa. Yana iya tsagewa daga ciki ido bai gani ba. Sau nawa na ga an jefa riguna a bayan motar sintiri, wani ma ya zauna a kai! Na roba mai tauri shi ne mafi sauƙin ɗauka, amma ya fi tsada kuma zafi mai tsanani na rage masa ƙarfi, don haka ba a barin sa cikin rufaffiyar mota a rana.

Maganar nauyi ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita aka fi rainawa. Faranti biyu na tangaran na iya kai kilo shida. Ƙara bindiga da gidajen harsashi, ka tsayar da mutum a kan kwalta a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40, daga safe har la'asar. Idan ka ga ɗan sanda ya zare farantin ya sa waya da kwalbar ruwa a aljihun, wallahi ni ba na ganin laifinsa. Laifin na tsarin da bai lissafa rana ba ne. A ganina farantin RF1 mara nauyi da mutum zai iya wuni da shi ya fi mataki na IV da za a bari ƙarƙashin kujera. A kuma riƙa sauya masu tsayuwa, a ba su inuwa da ruwa.

Sannan awo. Tela ba ya ɗinka wa gari duka riga ɗaya. Saman farantin gaba ya kamata ya tsaya daidai ramin wuya, inda ƙasusuwan wuya suka haɗu, don ya rufe zuciya da manyan jijiyoyin jini. Yawancin waɗanda nake gani a hanya rigar ta zazzago tana rufe tumbi. Idan ta yi tsawo kuma, da mutum ya zauna a mota ɗamara za ta turo ta ta shaƙe shi, gobe ba zai sa ba. Haƙarƙari ta gefe na bukatar rufi, musamman ga mai zama a mota, don ta ƙofa harbi ke shigowa. 'Yan sanda mata suna bukatar wadda aka yanka daidai jikinsu, ba ragowar ta maza ba. A jikin rigar, kada a cika ta da aljihuna. Abin da ba na so a rasa shi ne maɗaurin tsayar da jini, a gaba, inda kowane hannu zai kai, domin faranti ba ya rufe cinya ko damtse, kuma jinin cinya ba ya jiran asibiti. Ko riga ta tare harsashi, a kai mutum likita: gwajin NIJ ya yarda da lotsawa har milimita 44 a bayan riga, wanda ya isa ya karya haƙarƙari.

Riga tana tsufa. Yawancin masu ƙerawa shekara biyar suke ba da tabbaci. A 2003 harsashin fistol ya huda rigar wani ɗan sanda a jihar Pennsylvania, rigar ba ta kai shekara ba. Da zaren Zylon aka yi ta, wanda zafi da damshi ke lalatawa. Da NIJ ta gwada irinta guda 103 da aka yi amfani da su, 60 sun huje. In hakan ta faru a can, ina ga ƙasar da gumi ke jiƙa riga kullum?

A 2019 aka yi dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, kuma sayen kayan aiki na cikin dalilan kafa shi. Kamfanin ƙera makamai na gwamnati, DICON na Kaduna, wanda aka kafa a 1964, yana ɗinka sulke. Roƙona shi ne duk kayan da aka kawo, na gida ko na waje, a zari wasu a harbe su da irin harsashin da ke yawo a dazukanmu kafin a biya ɗan kwangila, a auna kowane ɗan sanda, a rubuta sunansa a rigarsa.

Ku kuma 'yan jarida, ranar da aka jera riguna a gaban kyamara ana bikin rabawa, don Allah wakilinku ya ɗaga ɗaya ya duba cikinta. Ya tambaya: wane mataki ce, yaushe aka ƙera ta, faranti nawa suka zo tare da ita?

Ƙanina ya koma bakin aiki da rigar tasa. Na ce masa ya ci gaba da sawa, amma ya ɗauka kamar babu ita idan ya ji ƙarar AK, ya nemi abin fakewa. Ni da yayarmu mun fara tara masa kuɗin faranti biyu, ta hanyar da doka ta yarda.

Na gode da wannan dama.

Naka mai karatu,
daga Funtuwa, Jihar Katsina